Jiƙon Gida a Gadon Asibiti: Amsa ga Mai Jinyar Mahaifiyarsa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon sukari, kuma an kwantar da ita a asibiti saboda kumburin ƙafafu da sarƙewar numfashi, likitoci sun ce zuciyarta ce ta yi rauni. Ƙanwarta tana kawo mata jiƙon saiwoyi da garin zogale da tafarnuwa a ɓoye, har wata ma'aikaciyar jinya ta gani ta yi mana faɗa. Ta daɗe tana shan irin waɗannan abubuwa kuma ba su taɓa yi mata komai ba. Da gaske akwai illa, ko dai ƙyamar maganin gargajiya ce irin ta ma'aikatan asibiti? Idan muka faɗa wa likita, ba zai sallame mu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne, kai kuma Ya ba ka ladan jinya. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, shawarata ita ce a dakatar da wannan jiƙo tun daga yau, sannan gobe da safe, idan likitoci sun zo zagaye, ka nuna musu duk abin da take sha, ka faɗa musu tun yaushe ta fara. Ba a sallamar majinyacin da zuciyarsa ta yi rauni don ya faɗi gaskiya a kan abin da ya sha. Iyakar abin da zai iya faruwa shi ne wani ya ɗaure muku fuska na ɗan lokaci, wannan kuwa abu ne mai sauƙi idan aka dubi haɗarin da ke cikin ci gaba da ɓoyewa. Ba kuma ina cewa a dakatar ba ne don ina ganin itatuwa ba sa magani. Suna yi, kuma aikin da suke yi a jiki shi ne dalilin da ya sa dole likita ya san da su.

Ka kwantar da hankalinka, ba ku kaɗai ba ne. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin kwantar da marasa lafiya ya san abin da ke shigowa cikin kwandon abinci da filas ɗin shayi da gorar ruwa, musamman bayan sallar isha, lokacin da ma'aikata suka ragu. An ma auna yawan abin a wasu asibitocin koyarwa na Najeriya. Wani bincike da aka wallafa a 2007 daga asibitin koyarwa na Enugu ya tambayi masu ciwon daji 160, aka samu kashi 65 cikin 100 sun yi amfani da wata hanyar magani ban da ta asibiti, kuma da yawansu ba su gaya wa likitansu ba. A shekarar dai, a sashen masu hawan jini na asibitin koyarwa na Legas, an tambayi mutum 225, aka samu kimanin kashi 39 cikin 100 suna haɗawa da wani abu, tafarnuwa ce kuma ta fi yawa, sai citta da shuwaka da haɗe-haɗen gargajiya. Abin lura a binciken na Legas shi ne ba a ga wani bambanci ba wajen daidaituwar jini tsakanin masu haɗawa da waɗanda ba sa haɗawa.

A ganina kaso mai tsoka na laifin wannan ɓoye-ɓoye yana wuyanmu mu ma'aikatan lafiya. Sau da yawa ba ma tambaya, idan kuma muka tambaya sai mu yi da sigar tuhuma, majinyaci ya gane cewa amsar da za ta raba shi da mu lafiya ita ce "a'a". Wani lokacin kuma ba ƙarya ya yi ba: an tambayi tsohuwa ko tana shan wani magani, hankalinta ya tafi ga ƙwayoyi da allura, bai zo mata ba cewa garin zogalen da take zubawa a koko da man habbatus saudan da take lasa da safe suna cikin lissafi. Ma'aikaciyar da ta yi muku faɗa ta yi daidai da ta hana, amma da ta zauna ta tambayi abin da ke cikin gorar ta rubuta a fayil, da ta fi amfanar da Hajiya.

Asibiti bai da bakin raina itatuwa, domin da yawa daga cikin magungunan da muke alfahari da su daga can suka samo asali. Kwinin daga ɓawon wani itace na tsaunukan Kudancin Amurka aka fitar da shi, a Faransa a 1820. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau ya dogara ne a kan sinadarin da masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, da abokan aikinta suka tace daga wani tsiro dangin tazargade, aikin da ya sa aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Shi kansa metformin da mai yiwuwa Hajiya ta daɗe tana sha don sukari, asalinsa yana komawa ga wani tsiro na Turai. Amma wanda ya fi dacewa da halin da kuke ciki shi ne digoxin, maganin ƙarfafa bugun zuciya. A 1785 wani likitan Ingila mai suna William Withering ya wallafa sakamakon shekarun da ya yi yana nazarin wani haɗin ganyayyaki na gargajiya da ake ba masu kumburin jiki, irin kumburin da ke ƙafafun Hajiya. Ya gano ganye ɗaya ne a cikin haɗin yake aikin, ya kuma gano cewa tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkarwa da adadin da ke sa amai da rikicewar bugun zuciya har mutuwa ƙarama ce ƙwarai. Abin da ilimin harhaɗa magunguna ya ƙara a kan sanin masu maganin gargajiya shi ne awo. Ƙwaya ɗaya ta digoxin tana ɗauke da adadin da aka sani, yau da gobe da jibi. Saiwa kuwa ƙarfinta yana sauyawa da irin ƙasar da ta fito, da ko da rani aka tono ta ko da damina, da tsawon lokacin da ta yi a ajiye, da ko jiƙa ta aka yi ko tafasawa, don haka kofi ɗaya na jiƙon yau ba lallai ne ya yi daidai da kofi ɗaya na makon jiya ba, ko da hannu ɗaya ne ya haɗa su.

Bari mu dubi halin Hajiya kai tsaye. Mai raunin zuciya da kumburi yawanci ana ba shi maganin sa fitsari irin su furosemide don a rage ruwan da ya taru, da wani irin su lisinopril ko spironolactone, wani lokacin da digoxin, wani lokacin kuma da maganin tsinka jini. Dukkan waɗannan suna taɓa ma'aunin gishirin jini, musamman sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Furosemide yana zubar da shi ta fitsari. Idan a cikin jiƙon akwai abin da ke sa gudawa, kamar filasko ko sanamaki, waɗanda ake yawan sakawa a maganin basir da na wankin ciki, to ana zubar da shi ta hanya biyu ke nan, kuma ƙarancin fotasiyam shi ne abin da ke mayar da adadin digoxin na yau da kullum ya zama guba. Lisinopril da spironolactone kuwa riƙe shi suke yi, saboda haka haɗin da aka yi da ruwan toka, wanda ke cike da fotasiyam, yana iya ɗaga shi ya wuce kima ga wanda ƙodarsa ba ta aiki sosai, shi ma wannan yana tsayar da zuciya. Akwai kuma tsirrai irin su tumfafiya da ke ɗauke da sinadarai 'yan gida ɗaya da digoxin, wanda ya sha su tare da ƙwayar kamar ya ninka maganin ne ba da saninsa ba.

Sai batun kanwa, wadda ba tsiro ba ce amma da wuya a haɗa jiƙo a ƙasar Hausa ba a jefa ta ba, ko jar kanwa ko ungurnu. Kanwa gishiri ce, gishiri kuma yana riƙe ruwa a jiki. A shekarun 1970 likitoci biyu, Neil Davidson da Eldryd Parry, sun yi nazari a Zariya a kan yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta abin da kunun kanwa da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya nuna akwai wasu dalilan, har da ƙarancin sinadarin seleniyam da talauci, amma babu wanda ke jayayya cewa gishiri mai yawa nauyi ne a kan zuciya mai rauni. Likita yana can yana ƙara allurar fitsari yana mamakin me ya sa kumburi ya ƙi saɓewa, an hana Hajiya gishiri a abinci, an ƙayyade mata ruwan da za ta sha a yini, alhali kofi biyu ko uku na jiƙo mai kanwa suna shiga cikinta ba a rubuta su a ko'ina ba.

Ta fuskar sukari, shuwaka da hulba da garahuni da girfa da zogale duk akwai alamun suna ɗan saukar da shi, wasu a gwajin dabbobi, wasu a ƙananan gwaje-gwaje a kan mutane. Ga mai lafiya da ke cin abincinsa wannan ba abin damuwa ba ne. Ga wadda ke kwance, ba ta cin abincin kirki, ana kuma yi mata allurar insulin ko ana ba ta glibenclamide, ƙarin saukar da ba a yi lissafinsa ba yana iya kai sukari ƙasa da kima cikin dare. Alamunsa su ne zufa mai sanyi, da rawar jiki, da magana ba kan gado, da suma, kuma ba sau ɗaya ba dangi sukan ɗauka iska ce ta taɓa majinyaci, su tsaya tofi, alhali awon sukari na minti ɗaya da ruwan sukari ta jijiya ne za su dawo da shi. Akwai kuma ɗaya fuskar da mutane ba sa hangowa. Likita ya ga sukari yana sauka, ya ɗauka maganinsa ne ya yi yawa, ya rage, ya sallame ku a kan wannan adadin. Kun koma gida, jiƙo ya ƙare ko an canza mai haɗawa, sukari ya tashi, a dawo asibiti ana cewa maganin likita ba ya aiki.

Kun ce ta daɗe tana sha bai yi mata komai ba, kuma na yarda da ku. Sai dai jikin da ya sha a shekarun baya ba shi ne yake sha yanzu ba. Hanta ce ke narkar da mafi yawan abin da muka sha, ƙoda kuma ta fitar da shi. Zuciya mai rauni ba ta aika wa ƙoda isasshen jini, tana kuma sa jini ya taru a hanta ta kumbura, ga shi hawan jini da sukari su ne manyan abubuwan da ke cin ƙoda a hankali ba tare da ciwo ba. Abin da jikinta ke fitarwa cikin yini ɗaya a da, yanzu yana iya kwana biyu ko uku yana taruwa. Bayan haka, a da jiƙon shi kaɗai yake ko da ƙwaya ɗaya ko biyu, yanzu kuwa ya tarar da magunguna biyar ko shida da bai taɓa haɗuwa da su ba.

Idan an sa mata warfarin, wato maganin tsinka jini da ake ba wasu masu ciwon zuciya, to a nan ne ya kamata a fi yin hattara, domin yana cikin magungunan da suka fi saurin rikicewa da abin da aka ci ko aka sha. Tafarnuwa mai yawa da citta mai yawa suna rage daskarewar jini, suna iya ƙara haɗarin zubarsa. Saiwar sanya, wadda ake wa kirari da uwar magunguna, tana ɗauke da sinadari ɗan uwan asfirin, ban da kasancewarta guba idan ta yi yawa. Ganyayyaki kore irin su zogale da alayyahu da rama kuwa ɗaya ɓangaren suke ja, domin suna da bitamin K wanda ke rage ƙarfin warfarin, jini ya koma yana daskarewa. Ba hana cin ganye ake yi ba, abin da ake so shi ne kada a ci tuli a wannan makon a daina gaba ɗaya a mako mai zuwa. Ko abin shan da muka saba da shi yana da nasa tasirin: masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nuna a 1996 cewa tsamiya tana ƙara yawan asfirin da ke shiga jini, wani bincike kuma a Sudan a 1994 ya nuna zoɓo da tsamiya da lemon tsami suna rage yawan kulorokwin da jiki ke tsotsa. Shi zoɓo yana saukar da hawan jini kaɗan, an gwada an gani, amma wanda ake sayarwa a gora sukarin cikinsa ya isa ya ɓata wa mai ciwon sukari lissafi.

Wannan ya kawo mu ga bambancin da nake so ka riƙe, tsakanin abin da aka ci a matsayin abinci da abin da aka sha a matsayin magani. Tafarnuwa da citta a miya, ko kwaɗon zogale jefi-jefi, ko miyar shuwaka, ba su ne abin tsoro ba, kuma da wuya likita ya hana sai da dalili na musamman. Damuwar tana farawa ne idan aka koma haɗiyar tafarnuwa ɗanya da yawa kullum, ko cokali-cokali na gari safe da yamma, ko ruwan da aka tafasa ya yi kauri. A cikin abubuwa ukun da ka lissafa, zogale da tafarnuwa aƙalla mun san su, za mu iya yin lissafi da su. Jiƙon saiwoyin ne ya fi tayar mini da hankali, domin ba ka ambaci sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ina kyautata zaton innarka ma ba ta san dukkansu ba.

Saiwa da sassaƙe idan suka bushe suna kama da juna, kuma kuskure a nan ya taɓa jawo babban bala'i. A farkon shekarun 1990, a birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, wani wurin rage ƙiba ya ba mata wani haɗin magani da aka yi kuskuren musanya saiwa ɗaya a cikinsa da wata daga dangin Aristolochia. Mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma daga baya ciwon daji ya fito musu a mafitsara da magudanan fitsari. Wannan dangin tsiro yana nan a ƙasarmu, shi ne duman dutse, wanda ake jiƙawa don ciwon ciki. Irin wannan lahani ba ya nuna kansa ranar da aka sha, sai bayan watanni, lokacin da babu wanda zai tuna ya danganta shi da jiƙo. Akwai wasu da illarsu ta fi saurin bayyana: zaƙami yana gusar da hankali ya sa zuciya gudu, ruwan tumfafiya yana lahanta ido, man darbejiya da aka ɗura wa jarirai ya jawo musu farfaɗiya da suma a Indiya da Malesiya, lalle kuma yana fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da wani ƙarancin sinadari na gado wanda yake da yawa a Afirka ta Yamma. Game da ciwon shawara, imanin da ake da shi cewa ba ta son allura ya sa ana ɗura wa mai ita jiƙon rawaya da maɗaci kwana da kwanaki, alhali idon da ya yi rawaya sau da yawa alama ce cewa hantar da za ta narkar da jiƙon ita ce ba ta da lafiya.

Wani haɗarin kuma ba daga itacen yake ba. Magungunan kwalba da na leda da ake tallatawa da lasifika a tasha da bakin kasuwa, masu maganin cuta goma sha a kwalba ɗaya, irin na magori wasa kanka da kanka, wasunsu ana daka ƙwayoyin asibiti a zuba a ciki don mai saye ya ji aiki nan take. An sha kama maganin ciwon gaɓɓai da dexamethasone ko diclofenac a ciki, da maganin ƙarfin maza da sildenafil. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 da ba su da ciwon sukari saboda sukarinsu ya faɗi warwas, aka gano glibenclamide ne a cikin maganin ƙarfin mazan da suka saya, huɗu daga cikinsu suka rasu. Diclofenac yana riƙe ruwa yana kuma cutar da ƙoda, dexamethasone yana tayar da sukari da jini yana kumbura fuska, duka biyun kuwa abokan gabar Hajiya ne. A nan akwai togaciya a kan shawarar da na bayar da farko: idan ta yi watanni tana shan wani gari ko ruwan kwalba don ciwon gwiwa ko baya, musamman idan fuskarta ta yi cika, a sanar da likita a yau ɗin nan, kada a jira gobe, domin yanke dexamethasone lokaci ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya sa jini ya faɗi majinyaci ya galabaita. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba ta fi babu, amma a san ma'anarta. Lambar da ke ƙarewa da harafin L tana nufin an duba an ga ba a samu alamar cutarwa ba a gwajin da aka yi, ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta, shi ya sa doka ta wajabta a rubuta a jikinsa cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba.

Ga sauran masu karatu da ke jinyar wasu, akwai inda maganar ta fi tsanani. Wanda za a yi wa tiyata ana so ya daina duk wani maganin gargajiya kimanin mako biyu kafin ranar, saboda zubar jini da kuma yadda wasu ke cin karo da allurar barci. Mai juna biyu ta guji maganin zaƙi da na saurin naƙuda, domin mahaifar da aka tilasta wa matsawa kafin hanya ta buɗe tana iya fashewa. Masu shan maganin ƙanjamau da na tarin fuka hantarsu tana ɗauke da kaya tun asali, kuma an nuna ƙwayoyin maganin da ake yi da tafarnuwa suna rage ɗaya daga cikin tsofaffin magungunan ƙanjamau, saquinavir, da kusan rabi a cikin jini. Shayin tazargade ba ya maye gurbin maganin zazzaɓin cizon sauro, Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana haka a 2019, saboda adadin da ke cikinsa ba ya isa ya kashe ƙwayoyin cutar duka, waɗanda suka tsira kuma su ne ke koyon jure wa maganin. A ciwon daji kuwa, babbar illar ba daga ganyen take ba, daga watannin da aka ɓata ne ana shafe-shafe da hayaƙi da imanin cewa daji ba ya son ƙarfe, har ƙullutun da za a iya cirewa ya yaɗu.

Na san a gidaje da yawa maganar tana haɗuwa da addini, don haka ya kamata a taɓa ta. Hadisin da ya ce a cikin habbatus sauda akwai waraka daga kowace cuta ban da mutuwa ya tabbata a Bukhari da Muslim, kuma babu ma'aikacin lafiya mai hankali da zai hana majinyaci addu'a ko ruƙya, suna ma ƙara masa natsuwa. Amma kwalbar da aka haɗa abubuwa bakwai a ciki aka liƙa mata suna da Larabci haɗin ɗan kasuwa ce, a tambayi abin da ke cikinta kamar yadda za a tambayi kowace kwalba. Zuma ga mai ciwon sukari tana shiga lissafin sukarinsa. Wanda kuma aka ce kada ya ci kada ya sha saboda za a shiga da shi tiyata, hanin ya haɗa da rubutu da ruwan addu'a, sai a shafa masa.

Haɗa hannu tsakanin ɓangarorin biyu ba mafarki ba ne, an taɓa yi a nan gida. Cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu a Abuja, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Charles Wambebe, ta karɓi wani haɗi daga hannun wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale, wanda ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Aka auna shi, aka gwada a kan masu amosanin jini, aka ga yana rage yawan tashin ciwon, aka fitar da shi da sunan Niprisan, daga baya Nicosan. Matsalar kuɗi a kamfanin da aka ba lasisi ta sa samar da shi ya yi ta tsayawa, wannan kuwa abin takaici ne. Abin da ya sa aikin ya yiwu shi ne mai maganin ya yarda ya faɗi abin da ke cikin haɗinsa.

Idan za ka yi wa likita bayani gobe, ka zo da gorar jiƙon da sauran saiwoyin da ba a jiƙa ba da ledar garin da duk wata kwalba, har da wadda ta ƙare. Ka tambayi innarka wurin wa ta karɓo, ta kira shi ta tambayi sunayen itatuwan da ko an sa kanwa ko toka. Likita zai so ya san tun yaushe aka fara, kofi nawa a yini, yaushe ta sha na ƙarshe, da ko ta yi gudawa ko amai ko fitsarinta ya ragu. Ka roƙi a rubuta a fayil ɗinta, a kuma duba aikin ƙoda da gishirin jini, a yawaita awon sukari a kwanakin farko bayan dakatarwa, domin mai yiwuwa adadin maganinta ya buƙaci gyara. Idan ka ga likitan ba shi da lokaci ko ya fara faɗa, ka nemi babbar ma'aikaciyar jinya ta ɗakin ko ka zo sashen magunguna, wannan aikinmu ne. Kada a jira zagayen safe idan bugun zuciyarta ya rikice, ko ta fara amai, ko ta ce tana ganin abubuwa rawaya-rawaya, ko hankalinta ya gushe, ko jini ya fito a fitsari ko bayan gida ya yi baƙi.

Ita kuma innarka, ƙauna ce ta sa ta ɗawainiyar nan, kuma idan ka yi mata tsawa a matsayinka na ɗa za ta ci gaba da kawowa, sai dai ta ƙara ɓoyewa har daga gare ka. Ka sa ta tsaya a wurin lokacin da likita zai yi bayani don ta ji da kunnenta, ka kuma damƙa mata aikin girka wa Hajiya abinci marar gishiri kuma marar dunƙulen ɗanɗano, wanda shi ne taimakon da ta fi buƙata daga gida a yanzu. Bayan an sallame ku, idan Hajiya ta nace sai ta koma wa wani abu, a tattauna da likitanta a ranar dawowa asibiti, a zaɓi tsiro ɗaya da aka san sunansa kamar zogale, a fara da kaɗan, kada a rage ko a daina ƙwaya ko ɗaya saboda shi, a kuma riƙa rubuta awon jini da na sukari da nauyin jikinta a littafi ana zuwa da shi duk ranar ganin likita.